Wa ya ce muku hutu muka yi lokacin korona?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Shirinku na lafiya na ranar Asabar ya ɓata mini rai matuƙa. Likitan da kuka gayyato ya buɗi baki ya ce wai mu nas-nas na makaranta a nan Ingila hutu muka sha lokacin korona tunda an rufe makarantu, mai gabatarwa kuma ya yi dariya ya wuce tambaya ta gaba. Ko a ce masa "Likita, ka tabbata?" babu. Haba!

Ni aikina ke nan, kuma ina bakin aiki ranar 20 ga Maris 2020 da aka sallami yara. Ba a rufe makarantu ruf ba, an bar ƙofa ga 'ya'yan ma'aikatan da ba a iya yi sai da su da yaran da ake jin tsoron halin da suke ciki a gida. To amma ƙalilan ne daga cikin waɗannan na biyun suka riƙa zuwa. Uban da yake dukan ɗansa shi zai shirya shi da safe ya kai shi inda za a ga tabo? Kafin kulle, malamar aji ce take fara lura yaro ya rame, ko yana barci a kan tebur, ko ya ƙi cire riga lokacin wasa, sai ta turo mana shi. Da aka ce kowa ya zauna gida, duk idanun nan suka rufe lokaci guda. Ana cikin haka aka kwashe da yawa daga cikin abokan aikina aka kai su asibitoci, aka bar mu tsiraru da tarin sunaye da wayar hannu.

Waya kuwa ba ta gani. Ka kira yarinya ka ce yaya gida, ta ce lafiya lau, alhali wanda take tsoro yana zaune kusa da ita yana ji. Dole muka koma bin gidaje, mu tsaya a bakin ƙofa da takunkumi, ba shiga. Akwai wata da na kai wa ƙunshin abinci cikin zafin watan Mayu na tarar da ita da rigar sanyi mai dogon hannu. Uwar ce ke amsa duk tambayar da na yi, mijin yana tsaye a bayanta ya dafa ƙofa. Da gangan na miƙa wa yarinyar ledar mai nauyi. Hannun rigar ya zame, na ga kwanciyar jini, sahun yatsu huɗu. Na yi musu sallama da murmushi, ina shiga mota na kira jami'an kula da walwalar yara hannuna na rawa. Wannan shi ne hutun da likitanku yake nufi?

Ga yunwa. Yara da yawa abincin rana na makaranta shi ne mai zafi kaɗai da suke samu a yini. Takardar sayen abinci ta fam 15 a mako da gwamnati ta ce za a ba kowane yaro mai cin abincin makaranta kyauta, wasu iyayen ba su ma iya shiga intanet su karɓa ba, mu muka riƙa cike musu. Sai da ɗan ƙwallon ƙafa Marcus Rashford ya tayar da ƙura a watan Yunin 2020 kafin aka yarda a ci gaba da bayarwa lokacin dogon hutu. A watan nan ne kuma aka kashe wani yaro ɗan shekara 6 a Solihull, a hannun kishiyar uwa da mahaifinsa, yana kulle a gida. Ba a yankina ba ne, amma duk wata nas ɗin makaranta da na sani ta kasa barci da labarin ya fito a kotu, don kowace tana da suna a zuciyarta da take tunanin ko shi ne na gaba.

Ba na ƙyashin tafin da aka riƙa yi wa ma'aikatan asibiti duk ranar Alhamis da ƙarfe 8 na dare, sun cancanta, Allah ya saka musu. Amma tun 2013 da aka mayar da kuɗin aikinmu hannun ƙananan hukumomi ake ta zaftare mu, nas guda ga makarantu birjik. Kullum asibiti, kullum likita. Don Allah ku nemo nas ɗin makaranta ko ɗaya ce ku ba ta minti goma, kuma likitan nan ya janye maganarsa.

Sannan wannan sabon salo na katse masu kira daga ƙauye da zarar layi ya ɗan yi ƙara, ku daina. Tsoho ya sa katinsa, bai gama gaisuwa ba kun sako kiɗa. Ba tarbiyyarmu ba ce.

Taku mai saurare,
wata ma'aikaciyar jinya, daga arewacin Ingila