Wasiƙar Ƙorafi: Ku Kuka Ji Wa Liyarin Innarmu Ciwo, Ku Kuka Karya Masa Daraja

Zuwa ga Manaja,
Kamfanin saye da kimanta tsofaffin kuɗi da kayan azurfa,
Birnin Kano.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri.

Ranka ya daɗe, sau uku ina kiran lambar da ke jikin rasit ɗinku, sau uku yaron kanti yana ce min ka fita. Na biya kuɗin mota daga ƙauyenmu a ƙasar Ringim na zo da ƙafata, na wuni a kan benci har la'asar sakaliya, ban ga ƙeyarka ba. Shi ya sa na rubuto a bainar jama'a. Ban sa sunan kamfaninku ba tukuna, amma kun san kanku.

Bayan rasuwar Innarmu, Allah ya jiƙanta, mun sami liyari ɗaya, tsohon kuɗin azurfa mai hoton sarauniya, a ƙasan adakarta, ƙulle cikin wani tsohon ƙyalle. Gadonsa ta yi wurin kakarmu. Yawancin liyarin da ke hannun matan ƙauye an huda su, ko maƙeri ya yi musu kunne don ratayawa a wuya. Wannan ba huda, ba kunne, ba a taɓa kai shi bakin wuta ba. Malamin da zai raba mana gado ya ce a samo ƙimarsa a rubuce, in ya so a sayar a raba, ko wani ya riƙe a cire daga kasonsa. Mu bakwai ne. Da yake ni na yi aikin koyarwa, aka ce ni zan kai birni.

Kada ku ɗauka ina cikin masu mafarkin miliyoyi, irin waɗanda jita-jitar tsohon keken ɗinki ke hana barci. Na san 1780 da ke jikinsa ba lallai ita ce shekarar da aka buga shi ba. Shekarar rasuwar Sarauniya Mariya Teresa ta Ostiriya ce, kuma tun daga nan duk wanda aka buga, ita ake sa masa, domin 'yan kasuwar ƙasashen Larabawa da Habasha da ƙasarmu ba sa yarda da wani kamanni sai wanda suka saba. An buga shi a Viyana, daga baya har a Roma da Landan da Faris da Bombai, miliyoyi ɗari-ɗari. Baturen nan ɗan Jamus, Barth, da ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canjinsa wuri 2,500. Ke nan ba baƙo ba ne a nan, kuma mafi yawansu ba su wuce kuɗin azurfarsu da wani abin kirki ba. Amma akwai na farko-farko da masu tarawa ke nema da tsada, ana kuwa gane su ne ta 'yan ƙananan alamu: siffar maɓallin da ke kafaɗar sarauniyar, yawan ƙwayoyin da ke kambinta, gashin wutsiyar mikiya mai kai biyu da ke bayansa, da yanayin rubutun da ya zagaye gefen. Abin da na biya ku gaya min ke nan: namu wane iri ne, kuma yaya lafiyar jikinsa.

Ranar da na miƙa shi, launinsa toka-toka ne mai ɗan duhu a cikin lungunan rubutu, irin wanda shekaru kaɗai ke shafa wa azurfa. Ana ƙirga ƙwayoyin maɓallin ɗaya bayan ɗaya. Ninkin lulluɓin takabar da ke kan sarauniyar a fili yake. Na ɗauki hotonsa gaba da baya da gefe a kan teburinku, rasit ɗinku yana kusa da shi a cikin hoton. Ma'aikacinku ya ce in dawo bayan kwana biyu.

Da na dawo, abin da aka miƙo min yana ƙyalli kamar sabon cokali. A gefensa an sa magagari an yi masa tsaga, daidai kan rubutun Latin ɗin nan mai cewa adalci da rahama, har harafi biyu sun tafi. A kumatun sarauniyar akwai wani tabo fari-fari. Na matsa wa yaron da tambaya, ya ce ai asid aka ɗiga a gani ko azurfa ce, da ya bar tabo sai aka sa man goge ƙarfe don a gyara. Da bakinsa ya faɗa, a gaban ɗan ƙanena da ya raka ni.

Sai takardarku. Layi ɗaya ne da Turanci, ma'anarsa: an goge, akwai karce, gefe ya lalace, darajarsa ta narkarwa ce. Ba nauyi, ba faɗi, ba a ce ga irin bugun ba, ba sunan wanda ya duba. Ranka ya daɗe, wa ya goge? Wa ya karce? Kun mari mutum, kun kuma rubuta a takarda cewa kumatunsa a kumbure yake.

Abin da ya fi ƙona min rai, ko kaɗan ba a bukatar magagari. Liyari na gaske nauyinsa gram 28 ne da ɗigo, faɗinsa wajen milimita 40, azurfarsa kashi 833 cikin 1,000, sauran jan ƙarfe ne. Sikeli da ma'aunin faɗi sun isa su kori yawancin jabu. Mayen ƙarfe ba ya kama azurfa. In aka ɗora shi a kan ɗan yatsa aka ƙwanƙwasa, amonsa dogo ne siriri, na dalma kuwa a take yake mutuwa. Ana iya auna shi a cikin ruwa a gane nauyin ƙarfensa. Kafin in zo wurinku na nuna shi ga wani tsohon maƙerin fari a kasuwarmu, mutumin da bai taɓa shiga aji ba. Ya juya shi a tafin hannu, ya saurari amonsa, ya ɗora a sikelinsa ya ce ya gaza gram 28 da ɗan kaɗan, cin hannu ne na shekaru. Da zan tafi ya ce, "Malam, kada ka bari kowa ya wanke shi." Shi ya sani. Ku masu allo da gilashi da na'urar sanyaya ɗaki ba ku sani ba?

Masu wannan sana'a a duniya suna da matakai. A Amurka ma'auninsu daga 1 ne zuwa 70, daga wanda ya shafe har ba a karanta shi zuwa wanda bai taɓa shiga hannun 'yan kasuwa ba. Wuraren da suka fi tudu ake dubawa, don su hannu ke fara ci: kumatu, gashi, maɓalli, fukafukan mikiya. Kuma a wurinsu kuɗin da aka goge ko aka karce ba ya samun lamba sosai, sai dai a rubuta masa aibinsa, farashinsa ya faɗo. Gogewa tana kwashe fatar ƙarfen ta bar 'yan siraran layuka da madubin ƙara girma ke nunawa, kuma ba ta gyaruwa. Ban ce liyarinmu na sahun gaba ba ne. Ya yi yawo, ya ci hannu. Amma yana da mataki ranar da na kawo shi, yau ba shi da ko ɗaya.

Ban gama karanta takardar ba ma'aikacinku ya ce in ina so za ku saya nan take. Na tambayi farashin gram ɗin azurfa na ranar, na buga da gram 23 da 'yan kai da ke cikin liyari, sai ga tayinku bai kai ko kuɗin narkarwar da kuka rubuta ba. Mai kimantawa shi ne mai saye, a teburi ɗaya. An ba kura ajiyar nama. Ban ce da gangan kuka ɓata shi don ku saya da araha ba, Allah ne masanin zuciya, amma ku faɗa min yadda zan hana 'yan'uwana faɗin haka.

Su ma ɗin ba ku suke zargi ba, ni suke zargi. Da na kwance ƙyallen a tsakar gida, Yaya Babba ta karɓa ta juya, ta ce wannan ba na Inna ba ne. Shekara fiye da hamsin tana ganin abin nan da duhunsa, yau na kawo mata mai walƙiya da tsaga. Ba ta ce na musanya ba, amma tun ranar gaisuwarmu ba ta wuce ina kwana. Rabon gado ya tsaya, har gonar da ba ruwanta.

Ga abin da nake nema. Na farko, kuma shi ya fi min komai, takarda mai hatiminku da sa hannunka, da Hausa, mai cewa wannan shi ne liyarin da na kawo, kuma tsaga da tabo da gogewa a kantinku aka yi su. Ita zan karanta a gaban malam da magada. Sannan ku mayar min da kuɗin dubawa. A kai hotunan da liyarin wurin wani masani da ba ya cin albashinku, wanda mu duka muka yarda da shi, ya faɗi irin bugun da ƙimarsa kafin da bayan, ku biya magada bambancin. In bambancin kaɗan ne, kaɗan ɗin haƙƙin marayu ne, akwai 'ya'yan ƙanenmu marigayi a ciki.

Malam ya sa zaman rabo bayan sati biyu. In ranar ta zo ban ji daga gare ku ba, zan kai hotuna da rasit da takardarku hukumar kare haƙƙin masu saye, sannan in sake buga wannan wasiƙa da sunanku a samanta. Lambata tana cikin littafinku, yaronku ya rubuta ta da hannunsa.

Wassalam.

Naku,
Malamin firamare mai ritaya,
daga ƙasar Ringim, Jihar Jigawa.