Lambar da Ka Cusa

Ɗana,

Bayan gaisuwa, yayarka ta faɗa mini abin da ka ba ta labari kana dariya: wai tirayal balans ɗinka, wato jerin da ake gwada ko jimlar ɓangarori biyu na littafin lissafin kuɗi ta zo ɗaya, ya ƙi daidaita, ka cusa lamba ka miƙa, malami bai lura ba. Tun da na ji hankalina bai kwanta ba.

Ka san ginshiƙin: kadarori daidai suke da bashi haɗe da jari. Kowane ciniki sau biyu yake shiga, debit a hagu, kiredit a dama, adadi ɗaya. In jimlar ta saɓa, kuskure na nan, kuma ana kama shi. Sake tara kowane gefe tukuna, sannan ka fitar da bambancin. In 9 ta raba shi ba saura, galibi lambobi ka juya, ka rubuta 540 maimakon 450. In ba haka ba, raba shi biyu ka nemi adadin a leja, wato babban littafin asusu, ƙila ka sa shi a gefen da ba nasa ba. In ya ƙi, nemi bambancin kansa, wataƙila gefe ɗaya kawai ka shigar.

Daidaituwar ma ba ta wanke ka. Ka tsallake ciniki ɗungurungum, ko ka sa kuɗin sayen inji cikin kashe-kashen yau da kullum, gefe biyu za su yi daidai, ribar kuwa ba gaskiya ba ce. Kuɗin inji raba shi ake yi kan shekarun aikinsa: injin 1,000,000 da zai yi shekara 5 ya saura da darajar 100,000, 180,000 ake cirewa daga riba duk shekara.

Faɗuwa jarrabawa da sauƙi, ana sakewa. Abin da ke hana ni barci, hannun da ya saba cusa lamba a aji shi ne gobe zai ja cinikin Janairu ya kai Disamba don riba ta kumbura, ya sa hannu a ƙasa. Banki ya ba da bashi a kai, masu hannun jari su yarda, ranar da odita, mai binciken asusu, ya nemi rasit sunanka zai gani. Wa ya koya maka wannan? Har kana dariya! Ka ce na cika tsanani, amma ka san abin da ya sami kawunka, ba sai na maimaita ba.

Na san kai ba mai ha'inci ba ne, gajiya ce ta sa. Ka ɗauko aikin nan ka bi shi layi-layi har ka gano kuskuren, ka kai wa malaminka gyaran da kanka. In ya gagara, ka kira ni mu duba tare.

Mahaifiyarka na gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka