Jan hankali ga mawaƙan karkara kafin su sayi lasifika

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka domin in yi magana da mawaƙan ƙauyukanmu na Kano da Jigawa masu tashi su kaɗai, da mai kukuma da mai gurmi da sha'iri mai bege, waɗanda ake gayyata wajen suna da walima da kamu. Kaka na yi, sai ka ga yaro ya sayar da riɗi ko akuya, ya nufi Sabon Gari ya ɗauko lasifikar da ta fi kowace girma a shago, ba a yi wata uku ba tana wajen mai gyara. Abin yana da ciwo, kuma yawancinsa rashin sani ne.

Lambar da ke jikin kwali ce take fara yaudarar mutum. In ka ga an rubuta wat 5,000 da haruffan PMPO, wannan lambar talla ce. Wadda ake aiki da ita ita ce RMS, ƙarfin da lasifikar za ta iya riƙewa tsawon wasa. Taron mutum hamsin zuwa ɗari a ƙofar gida, lasifika ɗaya mai faɗin inci 10 ko 12, mai amfilifaya a cikinta, wat 100 zuwa 200 RMS, ta wadatar. Mai inci 18 ta masu kiɗan rawa ce, ga shan wuta, ga shi ba ta ɗaukuwa a babur.

Amma tun kafin lasifika, ka tambayi kanka da wace wuta za ka yi aiki, don nan ne asarar ta fi yawa. Lasifikar nan mai taya da ake ja kamar akwati, galibi batirin cikinta bolt 12 ne mai 7Ah (Ah shi ne ma'aunin cajin da batir ke ɗauka). In ka ninka 12 sau 7, ƙarfin wat 84 ke nan na awa ɗaya. In tana cin wat 40, da ƙyar ta kai awa biyu. Saboda haka ka zaɓi wadda ke da wurin jona batir na waje a bayanta. Batirin sola mai 100Ah yana ɗauke da wat 1,200 na awa ɗaya, sai dai rabinsa kawai ake ci in ana so ya daɗe, kuma rabin nan zai kai ka daga la'asar har tsakar dare. Batirin mota ba a yi shi don a riƙa shanye shi ba, zai mutu da wuri. In kuwa ƙaramin janareta ne irin su Tiger, wutarsa hawa da sauka take yi. Ka sa sitabilaiza a tsakani, kada ka yarda a jona firji ko dutsen guga a kansa, ka kai shi bayan katanga kamar taku ashirin don ƙararsa kada ta shiga makirfo. Da ka ji ya fara tari mai zai ƙare, ka kashe lasifika tukuna.

Sha'irin da muryarsa kawai yake so ta yi nisa, amfilifaya irin ta masallaci, kamar Ahuja mai aiki da batir, da lasifikar ƙaho ɗaya sun fi masa araha. Mai gurmi kam kada ya sayi lasifikar ƙaho, don tana siranta sauti, zaƙin tsirkiya ya ɓace.

Inda nake so a daina ƙwauro shi ne makirfo. Ka sayi mai waya, irin wanda ba ya buƙatar batir, wanda ta gabansa kawai yake ɗaukar murya. Shure SM58, wanda ake ƙerawa tun 1966, shi ne sananne, amma jabunsa ya yi yawa. In kuɗinsa ya yi araha fiye da kima, to ba shi ba ne, gara ka sayi na ƙaramin kamfani na gaskiya. Marar waya mai araha yana yanke murya da batir ya fara sanyi, don haka ko kana da shi ka riƙe mai waya a jaka. Wayar ta zama mai baki uku da ake kira XLR, ita ce ba ta kwaso gurnani ko ta yi tsawo. Ka sayi waya biyu. Mai kukuma yana buƙatar makirfo na biyu a kan sanda, kusa da ƙwaryar, wato lasifikar ta zama mai ƙofar makirfo biyu, ko a ƙara ƙaramar mikisa, wato na'urar haɗa sautin makirfo fiye da ɗaya, mai layi huɗu.

Kukan nan mai huda kunne yana tashi ne idan makirfo ya ji sautin lasifika ya sake mayar mata. Ka tsaya a bayan lasifika ko gefenta, kada ka dunƙule kan makirfo da hannu, ka kusantar da shi bakinka maimakon ƙara murɗa sauti. Eko ma a rage; yana jawo kukan, yana kuma cakuɗa baiti har wanda ake wa kirari bai ji sunansa ba. Kukan nan shi ke ƙona tuwita, wato ƙaramar lasifikar da ke fitar da siririn sauti a cikin akwatin, haka ma jan fitilar amfilifaya in ta tsaya a kunne. A ɗora lasifika kan sanda ta haura kawunan mutane, kamar mita biyu. In tana ƙasa, na gaba su kurmance, na baya ba su ji ba.

Masu amfilifaya daban su kula da lissafin om, wato ma'aunin turjiyar da lasifika ke yi wa wuta. Lasifika biyu masu om 8 in aka jona su gefe da gefe (ja da ja, baƙi da baƙi) sun zama om 4, wanda yawancin amfilifaya ke ɗauka. Ta uku ta sauko da shi ƙasa da 3, amfilifaya ta yi zafi ta ƙone. Wajen kunnawa mikisa ake farawa, lasifika ƙarshe. Wajen kashewa a fara da lasifika.

A bazara kada a bar kaya cikin rana, da hunturu kuma a rufe su daga ƙura, amma ba a toshe hujin iska lokacin aiki. Ranar saye ka tafi da abin kiɗanka, ka sa a cire wutar shago a kunna da batir, ka rera waƙa da cikakkiyar murya na minti goma sha biyar, ka girgiza wayar ka ji ko tana yankewa, sannan ka taɓa bayan lasifikar. In hannu bai iya tsayawa a kai ba, ka bar ta. Ka kuma tambaya ko ana samun tuwita da batirinta a kasuwa, a rubuta maka rasit.

Na gode, Allah Ya ƙara wa jaridarka albarka.

Daga mai gyaran kayan sauti,
Gujungu, Jihar Jigawa