Zuwa ga ɗana, a kan waƙar da ke yawo

Ɗana,

Bayan gaisuwa, gida kowa lafiya, ƙafar Innarka ta yi sauƙi.

Jiya bayan la'asar ƙanenka ya kunna mini waƙar da ka sa a Facebook. Sau biyu na saurara. Ba zan ɓoye maka ba, karin ya zauna. Ƙwar biyar ce, kowane baiti ɗango biyar, wato layi biyar, babu ɗangon da ya yi tuntuɓe, amsa-amon kuma ba jawo shi aka yi da ƙarfi ba. Sai na tuna lokacin da nake sa ka buga ƙafa a zaure kana ƙirga gaɓoɓi, kana hawaye, kana cewa na tsananta. Ni na hana ka rubuta "baƙin ciki ya dame ni ƙwarai", na ce nemo kalma ɗaya da za ta ɗauki kayan ita kaɗai, ka dawo da "ya turmushe ni".

Abin da ya hana ni barci shi ne wanda ka nufa da wannan wuƙar. Ba ka kama suna ba, amma duk wanda ya ji fara ta sauka gonar gado ta lashe har kara, ya san da Baffanka kake. Da cewa ka yi ya ci amana, da an ji an manta. Sai ka zana wa mutane hoto, ka ɗora shi bisa kari, yanzu yaran unguwa da ba su san maganar gonar Wurno ba suna tafi da shi. Nana Asma'u ta san wannan ƙarfin, shi ya sa ta zuba karatu cikin waƙa, jajoji, wato matan da ta horar su koyar, suka hardace suka kai wa matan ƙauyuka. Tun 1864 ta rasu, har yau ana rerawa. So kake jikokin Baffanka su taso ana rera musu taka? Wa ya aike ka? Ni da aka yi wa abin na haɗiye shekara goma sha ɗaya saboda zumunci, kuma ba tsoron kowa nake ba.

Ka cire ta yau. Wadda ta riga ta shiga wayoyin mutane, Allah ya rufa mana asiri.

Ban ce ka bar waƙa ba. Baitin nan da ka ce hayaƙin murhun Innarka ya rene ku, sau uku ta sa aka maimaita mata. Ka zo da Sallah, mu je Hubbare, daga nan mu biya gidan Baffanka tare.

Mahaifinka,
Sakkwato