A binciki waya kafin a cire agogon juyin injin tsohuwar mota

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka in yi magana da masu tsofaffin motoci da kuma 'yan'uwana masu gyaran lantarkin mota, a kan wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a garejinmu, wato gaggawar yanke wa agogon juyin inji hukunci da zarar ya fara ba da matsala. Agogon da nake nufi shi ne wanda ke zaune kusa da maleji, yana nuna sau nawa inji ke juyawa a cikin minti ɗaya. Na fi damuwa da Peugeot 504 da 505, domin su ne tsofaffin motocin da suka fi yawa a hannunmu tun daga 1975 da aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna, ko da yake ba kowace ce ta zo da wannan agogo ba, wasu agogon lokaci ne a gurbinsa. Abin da ake yi a yau shi ne, ko dai a yanke wayarsa a bar shi a mace, ko kuma a ɓalle shi a ɗaura wani sabo na roba a saman dashbod, alhali sau da yawa agogon lafiyarsa ƙalau, laifin yana wani wuri.

Kafin a taɓa komai ya kamata a san inda agogon ke samun labarinsa. A motar fetur mai kontak, wato wasu ƙananan ƙarafa biyu da ke buɗewa suna rufewa a cikin distiributa mai rarraba wa fulogi wuta, duk lokacin da kontak ya buɗe, kwayil, wanda ke ƙara wa wutar ƙarfi, yana aika wuta zuwa fulogi, kuma agogon yana ƙirga waɗannan buɗe-buɗen ne ta wata siririyar waya da ta taso daga ɓangaren kwayil da ke haɗe da kontak ɗin. A kwayil na Faransa irin Ducellier an rubuta RUP a wannan ɓangare, a na Bosch kuwa lamba 1 ce. Inji mai silinda 4 yana ba da wuta sau 2 a kowane juyi, saboda haka idan yana juyawa sau 3,000 a minti, agogon yana karɓar bugu 6,000, wato 100 a kowace daƙiƙa. Ban da wannan waya, abu biyu kawai yake buƙata: wutar da ke zuwa idan an murɗa makulli, da kuma kyakkyawan haɗi da ƙarfen jikin mota.

Idan allurar ta kwanta ba ta motsi ko kaɗan alhali inji yana aiki, binciken ba shi da tsawo. A duba fis, a auna bayan agogon da mita a ga ko ana samun wuta ta kusan volt 12 idan makulli yana buɗe, sannan a bi wayar da ta fito daga kwayil har zuwa dashbod a tabbatar ba ta katse a hanya ba. Wurin da ta fi katsewa shi ne inda ta ratsa bangon da ke tsakanin inji da cikin mota, domin robar da ke kare ta a ramin takan bushe ta farfashe, ƙarfe ya yi ta cin wayar. A nan akwai abin da ya kamata kowane direba ya sani: idan wannan waya ta saɓule ta taɓa jikin mota, ko agogon ya ƙone ta ciki ya haɗe, injin zai mutu kuma ba zai sake tashi ba, domin kwayil ba zai iya ba da wuta ba. An sha sauya kwayil da fulogi a banza saboda wannan, alhali da an zare wayar agogon daga kan kwayil an sake gwadawa, da motar ta tashi nan take.

Inda aka fi zaluntar agogon shi ne idan allurarsa tana tsalle. A nan nake roƙon abokan sana'a su yi haƙuri su saurari injin yayin da idonsu ke kan allurar, domin abin da kunne ya ji da abin da ido ya gani, idan aka haɗa su, su ne ke nuna inda ciwon yake. Idan allurar ta faɗi farat ɗaya a daidai lokacin da injin ya yi tuntuɓe, to agogon gaskiya yake faɗa, wutar ce ke yankewa, kuma wurin dubawa shi ne kontak da ya ƙone ko ya yi datti, ko kwandansa da ya gaji, ko wayar cikin distiributa da ta kusa tsinkewa. Tazarar kontak a irin waɗannan injuna wajen milimita 0.4 ce, amma idan sandar distiributa ta ci har tana girgiza idan an kama ta da yatsa, tazarar ba za ta zauna wuri ɗaya ba komai gwanintar mai saitin. Idan kuwa injin yana shaƙewa amma allurar tana sauka a hankali tare da shi, to a koma wajen kafireta da famfon mai, ko fulogi da manyan wayoyinsu. Sai idan sautin injin yana nan daram, allurar ce kaɗai ke rawa, sannan za a zargi wayar agogon ko shi kansa.

Ko a wannan hali na ƙarshe, haɗin jikin mota ne farkon abin tuhuma. Akwai gwaji mai sauƙi da ba ya buƙatar kayan aiki: a bar injin yana aiki a tsaye, a kunna fitilu ko sigina. Idan allurar ta ɗaga ko ta sauka, ko ta riƙa bugawa tare da siginar, to wutar fitilun ta rasa hanyar komawa ne take bi ta cikin agogon. Wanda ya cire kan batir ya zaro dashbod ɗin zai tarar da bakin wayoyin sun yi kore, ƙurar hunturu ta haɗu da ruwan da ke ɗiga ta tsohuwar robar gilashi a damina ta daskare a kansu. A kankare su har tagullar ta fito fes, a matse bakin da ya saki, a ƙara waya guda mai kauri daga bayan dashbod zuwa ƙarfen mota inda aka goge fenti. Yana da kyau kuma a auna cajin altaneta, wanda bai kamata ya wuce wajen volt 14.5 ba, domin cajin da ya yi yawa yana rikita allurar kuma yana iya ƙona agogon.

Akwai kuma agogon da ke aiki lami lafiya amma lissafinsa ba daidai ba ne, kuma wannan ya fi faruwa idan an sayo na hannu a kasuwa ba tare da an tambayi daga wace mota aka ciro shi ba. Wanda aka yi don inji mai silinda 6 yana jiran bugu 3 a kowane juyi, don haka idan aka ɗaura shi a mai silinda 4 zai nuna 2,000 a lokacin da injin ke yin 3,000. Motar dizal kuwa ba ta da kwayil, agogonta yakan karɓi bugunsa daga altaneta ta bakin da aka yi wa alamar W, ko daga wata na'ura da ke ƙirga juyin injin kai tsaye, shi ya sa a irin na farko fambel mai santsi ko sauya altaneta da wata mai bambancin girman fuli ke ɓata lissafin. Masu tsofaffin motocin Ingila irin MG da Triumph na shekarun 1960 su lura cewa agogon Smiths da aka rubuta RVI a fuskarsa yana auna wutar da ke ratsawa ta cikinsa zuwa kwayil ne, kuma sau da yawa ba ya jituwa da na'urar zamani da ake sakawa a maimakon kontak.

Idan an bi duk wannan aka tabbatar laifin yana cikin agogon, har yanzu bai zama abin yarwa ba. Abin da ke cikinsa ɗan ƙaramin allo ne mai sassa kaɗan, kuma waɗanda suka fi lalacewa su ne ƙananan kwandansa da zafin shekara 40 ya busar, da kuma dalmar haɗi da girgizar hanya ta tsattsaga. Duk mai gyaran rediyo da ya san aikinsa zai iya sauya su. Sai dai a gargaɗe shi kada ya hura iska mai ƙarfi a ciki ko ya zuba wa allurar mai, domin zaren ƙarfen da ke mayar da ita sifili siriri ne ƙwarai, idan ya lanƙwashe ba ya komawa yadda yake. Bayan gyara a gwada shi da wani ma'aunin juyi na hannu, a ƙaramin juyi da kuma wajen 3,000, a daidaita shi da ɗan abin murɗawa da yawancinsu ke da shi a kan allon.

Na dage a kan wannan ne domin agogon yana da aiki na gaske. Da shi ake saita injin ya zauna a wajen juyi 900 idan mota tana tsaye, da shi, tare da fitilar saitin wuta, ake lura da yadda lokacin ba da wuta ke matsawa gaba idan an taka totur, kuma a wannan zamani na tsadar fetur injin da aka saita da kunne kawai yana iya shan mai fiye da kima ba tare da mai shi ya gane ba. Na asali kuma, irin na kamfanonin Jaeger da Veglia, sai ƙara wuyar samu suke yi. Saboda haka ina roƙon duk mai motar da aka riga aka cire wa nasa ya karɓi tsohon daga hannun mai gyara ya adana shi, tare da soket ɗinsa da guntun wayoyin da ke jikinsa, domin launin wayoyin ne zai nuna wa mai mayar da shi inda kowace take shiga.

Na gode da ba ni wannan dama.

Naka,
Mai gyaran lantarkin mota,
Kaduna.