Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Mai Karatun Lissafi a Zariya

Assalamu alaikum Babana,

Bayan gaisuwa, gida kowa lafiya, ƙafar mahaifiyarka ma da sauƙi. Abin da ya faru a zauren kawunka ranar Sallah ya iso kunnena, kuma tun ranar ban yi barcin kirki ba. An ce yana cikin magana ka katse shi gaban yara, ka ce hujjarsa ba ta tsaya ba.

Kada ka zaci a jami'a aka fara jin mantiƙi, wato ilmin auna hujja. Tun ba a haife ka ba na karanci Sullamu, na malamin nan mai Ahalari, a gaban marigayi Malam, kan buzu, da fitilar ƙwai. Can na san ƙadiyya, wato zancen da za a iya cewa gaskiya ne ko ƙarya, na san muƙaddima ƙarama da babba, wato zantuka biyun da ake fara azawa, da natijar da suke haifarwa. Shehu Magili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, har baitoci ya aika wa Suyuɗi yana kare wannan ilmi. Ba karatunka nake ƙi ba.

Tsorona guda ne: ka riƙe ƙwarya ka manta da abin da aka zuba a ciki. Ka ce duk tsuntsu yana tashi, jimina tsuntsu ce, don haka jimina tana tashi. Ginin ƙiyasin nan ba shi da aibi, amma ka taɓa ganin jimina a sama? Muƙaddimar farko ce ta ƙarya. Mantiƙi yana tsare maka hanya ne daga abin da ka aza zuwa natija, ba shi zai tabbatar maka da abin da ka aza ɗin ba. Uƙlidis kansa, masanin lissafin nan na zamanin da, sai da ya shimfiɗa ƙa'idoji biyar ba tare da ya kawo musu hujja ba, sannan ya ɗora ginin a kansu. To kai da zango biyu kacal ka yi, har ka fara auna manya da sikelinka? Yau kawunka ne. Gobe wa? Abin da ke tashe ni cikin dare ke nan, kada wata rana ka tsaya kan sallaya zuciyarka na neman burhani irin na allon aji, in ba ta samu ba ta juya baya.

Mutumin da ka kunyata, ka san abin da ya sayar shekarar da muka shiga halin ƙunci. Ba ka da kunya ne? Na san za ka ce ni na saba maka da tambayar "ina dalili?" Haka ne, kuma ban yi da-na-sani ba. Amma ka taɓa jin na yi wa yayana ita cikin mutane?

Na san zuciyarka, ba mugun yaro ba ne kai, ɗokin sabon karatu ne. In ka zo hutu ka fara sauka gidansa kafin namu, ka durƙusa ka ba shi haƙuri. Sannan ka taho min da littafinka mai jadawalin gaskiya da ƙarya. Ina so ka zauna ka fahimtar da ni yadda kuke cewa "in kaza, to kaza" gaskiya ce duk lokacin da sharaɗin ya zama ƙarya, don wannan wurin ya tsaya min a rai.

Mahaifiyarka ta ba direba yaji da ƙuli-ƙuli. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka