Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Muhalli Kan Auna Hayaƙin Motoci

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne domin in tuna maka alkawarin da ma'aikatarka ta ɗauka a farkon shekarar 2023, lokacin da ta ƙaddamar da shirin gwada hayaƙin motoci da na janareto a ƙarƙashin NESREA, hukumar da ke tabbatar da bin dokokin muhalli. Ƙa'idojin hayaƙin motoci kuwa tun 2011 suke a rubuce. Tambayata ɗaya ce: ina alƙaluman? Motoci nawa aka auna, me aka samu a cikin hayaƙinsu, kuma a ina talaka zai duba ya gani? Duk wanda ya taɓa tsayawa a bayan tirela a cunkoson yamma, ya toshe hanci da hannun riga idanunsa na zubar da ƙwalla, yana da haƙƙin ya ji amsa.

Labarin wani ma'aikacin gwamnati ne ya hana ni yin shiru. Leo Breton injiniya ne a hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA. A zamaninsa mota a ɗakin gwaji ake auna ta, tana tsaye wuri guda, tayoyinta na juyawa a kan gangunan ƙarfe. Shi kuwa abin da ya dame shi shi ne abin da take fitarwa idan ta ɗauki kaya ta hau titi, ta tunkari tudu, direba ya take totur. A 1995 ya haɗa wata na'ura mai suna ROVER, wadda ake ɗorawa a cikin motar a jona ta da bakin salansa, ta riƙa auna yawan iskar da ke fita da gubar da ke cikinta daƙiƙa bayan daƙiƙa, kwamfuta na lissafa giram nawa motar ta zubar a tafiyarta. A shekarar 2000 aka ba da takardar mallakar wannan ƙirƙira.

Ka san abin da awo a kan titi ya tona. A 1998 kamfanoni bakwai masu ƙera injinan manyan motoci, ciki har da Caterpillar da Cummins da Mack da Volvo, suka amince su biya tarar dala miliyan 83.4, saboda injinansu na nuna tsabta a wajen gwaji, su saki guba idan sun kama babbar hanya. A 2013 masu bincike a Jami'ar West Virginia suka ɗora irin wannan na'ura a kan motoci uku kacal, da tallafin da bai wuce kimanin dala 70,000 ba, suka gano cewa wata Volkswagen Jetta na fitar da iskar naitirojin oksaid mai guba ninki 15 zuwa 35 na abin da doka ta yarda. A watan Satumba na 2015 kamfanin ya amsa cewa motoci kusan miliyan 11 ne ke ɗauke da wata manhajar yaudara da ke sa injin ya nuna tsabta a lokacin gwaji kawai. Motoci uku, ranka ya daɗe, da kuɗin da bai kai na sayen wata motar alfarma guda ba. Idan aka ce mana rashin kuɗi ne ya hana mu, ban gamsu ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ma ba baƙin hayaƙin da ido ke gani ba ne. Farfesa David Kittelson na Jami'ar Minnesota ya nuna tun 1998 cewa idan aka ƙidaya ƙwayoyin da injin dizal ke fitarwa ɗaya bayan ɗaya, mafi yawansu ba su kai nanomita 50 ba, wato silin gashin kai ya fi su kauri fiye da sau 1,000. Ba su da nauyin da ma'auni zai damu da shi, ba sa duhunta haske yadda tsohuwar na'urar gwada duhun hayaƙi za ta kama su, amma su ne ke ratsawa har ƙarshen huhu. A 2012 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin dizal cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara. Hanyar ƙidaya waɗannan ƙwayoyi kuwa tsohuwa ce. Tun wajen shekarun 1880 John Aitken na Sikotland ya lura cewa tururi a jikin ƙura yake taruwa ya zama hazo, sai ya yi amfani da hakan ya kumbura ƙwayoyin har suka ganu ya ƙirga su. Injiniyoyin baya suka gyara dabarar, suka ƙara wata ta sanya wa ƙwayoyin lantarki a auna ƙarfinsa, har aka kai ga 'yar na'urar da mutum ɗaya zai ɗauka a hannu. Da irinta Beljiyam ta fara gwada motocin dizal a 2022, Holan da Jamus suka bi a 2023, kuma cikin ɗan lokaci kaɗan take tona motar da aka cire wa matatar hayaƙi.

To ina motocin da suka tsufa a can suke nufa? Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kashi 40 cikin 100 Afirka suka shigo. Masu binciken gwamnatin Holan sun tarar da wasu daga cikin waɗanda ake shirin lodawa an riga an yanke musu abin da ke tace guba a salansa, wanda kanikawanmu ke kira indomi. Motar da ta iso da nata ma, ba ya daɗewa a jikinta. Na kai motata gyaran salansa, wani yaro ya leƙa ƙarƙashinta, ya ƙwanƙwasa tukunyar da sufana ya saurara, ya ɗago ya ce mini, "Baba, indominka na nan, nawa za ka sayar?" Ban ga laifinsa ba, domin akwai ƙarafa masu tsada a ciki, kuma bai taɓa ganin an hana wata mota hawa titi don an cire mata shi ba. Ni kaina na sha karɓar takardar lafiyar mota a wani ofishi ba tare da kowa ya kusanci salansar ba.

Ga roƙona, kuma don Allah ka duba shi da idon basira. Takardar mallakar ƙirƙira ba sirri ba ce. Sharaɗin bayar da ita shi ne mai ƙirƙirar ya bayyana yadda abin yake aiki dalla-dalla, da zane, kowa ya karanta a intanet kyauta. Wa'adinta a Amurka shekara 20 ne, ke nan ta Breton ta farko ta riga ta ƙare, kuma dama ƙarfinta bai wuce ƙasar da ta bayar da ita ba. Na koyar da kanikanci shekaru masu yawa, na san yaran da ke fitowa daga jami'o'inmu da kwalejojin fasaha za su iya karanta waɗannan zane-zane su haɗa abin da zai yi aiki, su kuma gyara shi ya jure zafinmu da ƙurar hunturu, wadda ita kanta matsala ce ga kowace na'urar ƙidayar ƙwayoyi. Wanda ya gyara ya samu tasa ƙirƙirar, NOTAP, hukumar gwamnati mai kula da samo fasaha da bunƙasa ta, na nan don ta taimaka masa ya yi rajista. Abin da suka rasa shi ne gwamnatin da za ta ce tana buƙata, ta saya, ta kuma yi aiki da sakamakon.

Akwai maganar man da ke da yawan farar wuta, wanda ECOWAS ta amince a 2020 a rage shi zuwa kashi 50 cikin miliyan, domin mai mara kyau na kashe matatar hayaƙi. Akwai kuma janareto da ke ruri a ƙofar kowane shago. Waɗannan na bar su zuwa wani lokaci.

Yanzu dai ina roƙon ka sa a zaɓi manyan hanyoyi biyu ko uku, kamar ta Kaduna zuwa Kano, a ɗora na'urar awo a kan tireloli da motocin haya suna cikin tafiya, a sa malaman injiniya da ɗalibansu a cikin aikin, sannan a buga abin da aka samu da Hausa da sauran harsunanmu kafin shekara ta zagayo.

Naka cikin girmamawa,
Wani tsohon malamin kanikanci, Kaduna